Kwandon Malam a Siton Dankali

Ban yi boko ba, karatun allo ma ban yi nisa ba, saboda haka maƙwabciyata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Na ce mata idan kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira ni. Maganar mijina nake so in yi, wanda nake kira Malam, da aikin da ya yi a ƙarshen rayuwarsa bayan idonsa ya tafi.

Malam direban babbar mota ne. Da wannan sana'ar na same shi tun ina amarya a unguwar Dilimi, a nan Jos. Yana ɗauko dankalin turawa da kabeji daga wajen Bokkos da Mangu ya kai kudu, ya dawo da manja da gari. Mutum ne mai surutu. Idan ya dawo daga tafiya sai na san komai, gadar da ruwa ya ci, da mai abincin da ta cika masa gishiri a miya, da abin da yaron mota ya yi har aka kusa barinsa a hanya. Ni ban taɓa wuce Akwanga ba, amma a bakinsa na san garuruwa da yawa. 'Ya'ya biyu ne suka rayu mana. Namijin ya rasu yana saurayi. Macen tana aure a Bauchi, tana fama da nata gidan.

Ciwon idon daga gefe ya fara. Ya ce mini yana ganin hanya kamar wanda yake leƙe ta cikin bututu. Ranar da ya kusa taka wata mai tallan masara, ranar ya mayar wa mai motar makullinsa da hannunsa. A asibiti suka ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa ya danne jijiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Muka yi ta ɗigin magani har abin da muka tara ya ƙare, idon kuma ya rufe gaba ɗaya. Muka bar gidan Dilimi muka kama ɗaki ɗaya a Dutse Uku, wannan da nake zaune a ciki yanzu.

Na fara suyar ƙosai a ƙofar gida. Shi kuwa ya zauna. Mutumin da a da sai na roƙe shi ya yi shiru in yi barci, sai ga shi ya yini bai ce komai ba, ya jingina da bango, bargo a kafaɗa, yana shafa gwiwarsa. Wani maƙwabcinmu ya ba shi shawara ya riƙa zama a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Malam ya yi masa godiya. Da mutumin ya tafi sai ya miƙo mini hannayensa biyu ya ce, "Duba mini nan, akwai wanda ya makance a cikinsu?"

Ba a daɗe ba ya ce in kai shi wajen wani ɗan kasuwa da ya sha ɗaukar wa kaya. Ibo ne, amma a nan Jos aka haife shi, kowa Oga yake ce masa. Yana da sito babba inda ake sauke dankali, a zaɓe shi, a ɗura a buhu. Manya na masu otal ne, matsakaita na kasuwa, ƙanana a ajiye na iri, ruɓaɓɓu kuma masu kiwon alade su zo su kwashe. Mata ne suke zaɓen, yawancinsu 'yan wani ƙauye ne ta wajen Naraguta, Kiristoci.

Da Oga ya gan mu ya taso da sauri, ya sa hannu a aljihu. Malam ya ji motsin takardar kuɗi.

"Mayar da shi, Oga. Aiki na zo nema."

"Wane aiki, Baba? In ba ka mota?"

"In ka ba ni zan ja, in dai kai za ka zauna a gaba."

Oga ya yi dariya har da tari. Sannan ya dube shi da kyau. Malam ya ce a miƙo masa dankali. Ya juya shi a hannu, ya danna da babban yatsa, ya shinshina, ya ce wannan matsakaici ne kuma ya fara laushi ta gindi. Haka yake kuwa. Wanda ya yi shekaru yana lodinsa ba abin mamaki ba ne.

Oga ya ce, "Baba, bari in faɗa maka gaskiya. Ni ba gwamnati ba ne, ba kuma coci ba. Matan nan kuɗin yini nake biyansu, kuma akwai yawan kwandon da kowace za ta cika kafin ta tashi. Ba zan iya ba ka kuɗin yini cikakke ba idan ba ka cika nasu ba. Amma zan biya ka daidai abin da hannunka ya yi. Ka yi rabin nasu, rabin kuɗi. Ka yi kwata, kwata. Ka kamo su, ka karɓi irin nasu. Ka yarda?"

Ni raina ya ɗan sosu, na ga kamar ana auna mijina da mudu. Amma Malam fuskarsa ta washe, rabona da ganin haka tun yana gani. Ya ce, "Abin da nake so ke nan."

Tun da ba ya ganin kwandunan, sai Oga ya kawo dabara. Duk kwandon da ya cika aka ɗauke, za a sa masa murfin kwalbar lemo ɗaya a aljihu. Da yamma ya fito da su ya ƙirga da yatsunsa, a biya shi.

Haka muka fara. Kullum in na gama suyar safe sai in rufe kasko, ya dafa kafaɗata mu kama hanya. Tafiya ce mai ɗan nisa, ga duwatsu, ga kwatoci. Direba yake kirana a hanya.

"Direba, wane irin tuƙi ne wannan, ba hon ba sigina? Kin jefa ni a rami."

"To ka sauka ka hau wata motar."

"Ina na ga kuɗin wata? Wannan tsohuwar dai, a haka za mu lallaɓa."

In na kai shi na zaunar da shi a kan buhu a tsakiyar matan, sai in koma. Da la'asar in dawo in ɗauke shi.

Babbar cikin matan wata dattijuwa ce mai ƙiba da ƙaramar murya, Mama suke ce mata, har Oga. Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu, ba ta cewa "ki". Ran farko ta dube ni ta ce, "Uwargida, ka tafi abinka, ba za mu cinye maka shi ba. Ya yi tauri." Malam ya ce, "Wa ya sani ko ke ce kika fi ni tauri, tunda ban gan ki ba." Matan suka fashe da dariya. Daga ranar suka zama abokan tsokana. In sun yi waƙar coci ya ce muryar Mama kamar giyar mota ta maƙale. Ita kuma ta ce ai gara da Allah ya rufe idon, da ya gama kallon 'yan mata.

A farko abin da yake yi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nasu ba. Kuɗin kaɗan ne, garin tuwo da ɗan kayan miya. Amma da ya shigo ɗaki zai zauna ya miƙo mini ya ce, "Ga cefane." Kuma surutunsa ya dawo. Yanzu ba labarin gadoji ba ne, labarin sito ne. Wance ɗanta ya ci jarrabawa. Wance akuyarta ta shiga gonar fasto. Oga ya yi faɗa da matarsa a waya da yarensu, amma duk wanda yake wurin ya gane wa aka kayar. Ina tuƙa tuwo yana ba ni, yana kwaikwayon muryar kowa. Na san matan nan a bakinsa kafin in san fuskokinsu sosai.

Sai murafun suka fara ƙaruwa. Suka kai rabi. Suka wuce rabi. Har wata rana ya zube su a tabarma ya ce in ƙirga da kaina, saura kaɗan ya kamo masu ido.

"Kin gani? Yatsun nan sun buɗe ido. Ki ba ni damina ɗaya, sai Mama ta riƙa bina a baya tana haki."

A watan ne ya sa na kai shi wajen 'yan gwanjo, ya yi ta shafa rigunan sanyi har ya zaɓo mini wata suwaita mai kauri. Ya tambayi mai kayan launinta, aka ce ruwan toka. Ya ce a'a, matarsa ba tsohuwa ba ce, a kawo mai haske. Aka kawo shuɗiya. Ya biya da kuɗinsa, ya ƙi yarda in taya ciniki. A masallaci ma na ji an ce ya koma sa baki a hira. Mutum ya dawo mutum.

Sai aka yi rasuwa a ƙauyen matan, wani babba a cikinsu. Duk suka tafi jana'iza, kuma a ranar mota ta sauke kaya. Oga ya ce Malam ya zo ya rage abin da zai iya. Su biyu kaɗai suka yini a sito, Oga na ɗauke kwando yana sa masa murfi.

Da na dawo da la'asar, tun daga bakin titi na jiyo muryar Malam. Masu shagunan kusa sun taru a ƙofa. Yana tsaye, murafu 'yan kaɗan a tafinsa.

"Yau ban tashi ba sai salla. Ba hira, ba dariya, ba abin da ya ɗauke mini hankali. Yau na fi kullum aiki. Ka ce wannan ne abin da na yi?"

"Baba, wallahi shi ke nan. Kowane kwando na sa maka."

"Don ka ga ba masu ido a wurin. Ka jira sai ranar da ba shaida, ka cuci makaho."

Oga ya ja da baya kamar an mare shi. Ya ce, "Ni, Baba? Ni?" Malam ya watsar da murafun a ƙasa, ya laluba kafaɗata ya ce mu tafi, ya bar aikin. A hanya bai kira ni direba ba. Ni kaina na yarda an cuce shi, don na sha ƙirga murafun nan da hannuna.

Ya koma jikin bango da bargonsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayan kowace salla sai in ji yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da Oga. Ba da ƙarfi ba, amma ɗakin ɗaya ne, ina ji.

Bayan 'yan kwanaki ina kwashe ƙosai da hantsi sai ga Mama a tsaye a kaina. Na yi mamaki, don tun rikice-rikicen da aka yi a garin nan mutanensu ba su cika shigowa unguwarmu ba, mu ma ba mu cika shiga tasu ba. Ta yi tambaya gida gida har ta same ni. Malam yana wajen wanzami a lokacin. Na ba ta kujera, na zuba mata ƙosai, ta riƙe ba ta ci ba.

"Uwargida, Oga bai cuci mijinka ba. Mu ne."

Ta ce tun watannin farko suka ga yadda yake dagewa, gumi na zuba a cikin sanyin nan, kwandon kuma ya ƙi cika. Sai wata ta fara, in za ta wuce ta zuba masa hannu biyu daga wanda ta riga ta zaɓa. Wata ma ta yi. Sito wuri ne mai hayaniya, ana zazzage buhu, ana waƙa, ba zai ji ba. Daga baya ya zama kamar ƙa'ida, kowace ta ƙara sauri ta cika nata, ta yi ɗan ƙari na Baba. Akwai kuma dankalin da rana ta taɓa ya yi kore, wanda ba a sayarwa don yana da ɗaci. Shi a hannu daidai yake da lafiyayye, ba ya laushi, ba ya wari, sai ido. Su ne suke tsince masa shi a ɓoye.

"Ba mu yi don mugunta ba. In ya ƙirga murafun nan yana murna, mu ma sai mu ji daɗi."

Na ce, "Oga ya sani?"

"Ya ce ya taɓa gani, ya kau da kai. Wai dankali dai ya zaɓu, ina ruwansa da hannun da ya zaɓa. Ran jana'iza ne duk muka manta. Da mun tuna, da mun ce kada a kira shi."

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Sun yi magana da Oga, ya yarda ya ce shi ne ya yi kuskuren ƙirga, ya ba Malam haƙuri. Malam ya dawo, su ci gaba yadda suke. Abin da suke so a wurina kawai in yi shiru.

Na raka ta har bakin titi. Na dawo na zauna a gaban kasko, man yana ta ƙonewa ban sani ba. Abin da ta kawo mai sauƙi ne. Da na karɓa, da mijina ya koma cikin dariya, da cefane ya ci gaba da zuwa. Na kwana ina son in karɓa. Amma da asuba na sake jin ya idar da salla yana kai ƙarar mutumin da bai ci masa ko sisi ba wajen Allah. Ko Oga ya ba shi haƙurin ƙarya, a zuciyarsa zai ci gaba da riƙe shi a matsayin wanda ya taɓa cutar makaho, ya je kabari da wannan. Na ga ba zan iya zama kusa da shi ina ji ba.

Na bari ya sha koko. Sannan na faɗa masa duka, yadda ta faɗa mini.

Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana juya kofin a hannu. Sai ya miƙo hannu ya laluba har ya taɓa hannun suwaitar da ke jikina, ya murza ta tsakanin yatsu.

"Wannan da na ce na saya miki. Ashe matan ƙauye ne suka saya miki."

Na ce, "Da guminka a ciki, Malam."

"Nawa ne nawa a ciki? Hannun riga ɗaya?"

Nan ne na fara kuka, shi bai yi ba. Mai rubutu, ki dakata kaɗan.

Washegari ya ce in kai shi sito. Ya tsaya a tsakiya, ya ce a kira masa masu shagunan da suka ji abin da ya faɗa ran nan. Da suka zo ya cire hularsa ya ce a gabansu ya yi wa Oga ƙazafi, a gabansu yake neman gafara. Oga ya rungume shi yana cewa ya wuce, ya wuce, Baba, zauna.

Malam ya ce, "Zan zauna, amma ba nan ba. Akwai ɗan ɗakin nan na baya da kake ajiye buhunan wofi. A can za ka sa ni, ni kaɗai, a ja ƙofa. Kai za ka riƙa kawo kaya kana ɗauke kwando. Kuma tunda ba na ganin kore, wanda zai bi bayana ya tsince, ka cire ladansa a cikin nawa."

Oga ya riƙe baki. "Baba, kai kam ka fi ni zama Ibo."

Wasu suka yi dariya, matan ba su yi ba. Mama ta taso, ta yi magana da ƙaramar muryar nan tata.

"Baba, laifi muka yi da muka so ka?"

"Ba ku yi laifi ba, Mama. Allah ya saka muku. Amma na yi wata da watanni ina yawo a unguwa ina faɗa wa mutane abin da hannuna ya yi, alhali ban san abin da ya yi ba. Ina so in sani, ko kaɗan ne."

"To ka zauna a cikinmu, mun rantse ba za mu ƙara ba."

"Za ku ƙara. Na san ku. Ni ma da ni ne mai idon, da na ƙara."

Haka ya koma ɗakin baya. Ɗaki ne mai sanyi, taga ɗaya a sama, ko da yake taga ba ta dame shi ba. Murafun suka koma inda suka fara, kashi ɗaya cikin uku, kuma da aka cire na mai tsince kore ba su ma kai ba. Muka koma tuwo da miyar kuka ba nama. Na ƙara suyar yamma a kan ta safe. Wannan duk bai dame ni ba, na saba.

Abin da ya dame ni shi ne shirun. Mutumin da yake yini shi kaɗai da dankali, wane labari zai kawo? Zai shigo, ya miƙo mini kuɗin ya ce ga cefane, ya yi alwala, ya zauna. In ce, "Yau me aka yi a sito?" Ya ce, "An zaɓi dankali." Ba fushi yake yi da ni ba, babu ne kawai. Ban ƙara jin yadda aka ƙare da akuyar da ta shiga gonar fasto ba. Matan suna gaishe shi da safe, ya amsa da fara'a, amma tsokanar ta mutu, kowa yana jin nauyin kowa.

Na taɓa yi masa magana. Na ce, "Malam, ka hukunta kanka, ka haɗa da ni. Wa ya ce sai ka san adadin? Mutane nawa ne masu ido suke cin abin da ba su san hannun wa ya taimaka a ciki ba?"

Ya ce, "Su suna iya dubawa in sun ga dama. Ni in ban toshe ƙofa ba, kowa zai iya yi mini alheri ba tare da ya tambaye ni ba."

Na ce, "Alherin ne abin gudu?"

Ya ce, "Direba, ki kula da hanya." Muna tafiya ne a lokacin. Na kula da hanya.

Wani lokaci nakan zo ɗaukarsa da wuri, in zauna a dokin ƙofar ɗakin ba tare da na yi sallama ba. In ji dankali yana faɗawa kwando ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Daga can gaba kuma matan su kwashe da dariya kan wani abu. Sai in ga hannunsa ya tsaya, ya karkata kai wajen bangon, bakinsa ya ɗan motsa kamar mai shirin mayar da martani. Sannan ya ci gaba da zaɓe. Ban taɓa gaya masa na gani ba.

Hannun nasa ya ƙaru da gaske daga baya, kaɗan kaɗan. Akwai ranar da ya kusa rabi. Ya zube murafun a tabarma ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, bai kira ni in taya shi ba, bai kuma faɗa wa kowa a masallaci ba. Amma ranar ya ci tuwo ya nemi ƙari. Bai taɓa kai rabin ba. Shekaru suna ta hawa, sanyin ɗakin kuma ya shiga gaɓoɓin yatsunsa, da safe sai na gasa masa su da ruwan ɗumi kafin su miƙe.

Har yau ban san ko daidai na yi ba da na faɗa masa. Ban san ko daidai ya yi ba da ya ja ƙofar nan. Ina zaune a ɗakin nan ni kaɗai, ƙafafuna sun daina kai ni ko bakin titi, kasko yana ƙarƙashin gado. Maƙwabta suna aiko mini da abinci, 'yata tana aiko da abin da ta samu, ina karɓa in yi godiya, ban taɓa jin ya tsaya mini a wuya ba. Ni ba irinsa ba ce. Amma ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, ban san abin da mutum yake ji ba idan aka karɓe masa. In ruwa ya sauko da yamma yana dukan kwano, nakan juya in yi masa magana, sai in tarar da bango. Ina kewarsa, mai surutun da mai shirun duka.

A tsakiyar damina ya tafi. Wata safiya ya fita da ɗan tari, na ce ya zauna ya ƙi. Kafin azahar Oga ya kawo shi gida a keke mai ƙafa uku, jikinsa kamar wuta. Sanyi ne ya kama haƙarƙarinsa. Bai yi mako ba.

Ina cikin takaba suka zo gaisuwa, Oga da Mama da wasu daga cikin matan, matan duk sun ɗaura ɗankwali sun rufe kai. Matan suka shigo suka zauna a tabarma. Mama ta kama hannuna tana kuka, ta kasa cewa komai sai "Uwargida, Uwargida." Sun kawo buhun dankali ƙarami da sabulu, suka ce wannan na gaisuwa ne, daga gare su. Na karɓa na yi musu addu'a.

Oga bai shigo ba, ya tsaya a bayan labule. Bayan ya yi ta'aziyya sai ya ce akwai saura. Ya miƙo wa Mama wani abu a ƙulle a leda, ta miƙo mini. 'Yan kuɗi ne kaɗan, har da canji.

Ya ce, "Na rabin yinin da ya yi ne ranar ƙarshe. Kwando biyu ya cika, na ukun ya kai rabi. Na cire na mai tsince kore. Ban ƙara ko kwabo ba."

Mama ta buɗe mini tafukanta biyu, ta juya su gaba da baya don in ga ita ma ba ta sa komai ba.

Na buɗe baki zan fara addu'ar da ake yi wa wanda ya yi sadaka, sai na tsaya. Kyauta ba a ƙirga ta a gaban wanda ya bayar, amma lada ana ƙirgawa. Na warware ledar, na baje kuɗin a kan zanina, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gabansu, hawaye na ɗiga a kai.

Na ɗaga murya yadda zai ji daga bayan labule na ce, "Oga, sun cika."

Ya ce, "To, madalla."

Suka tashi suka tafi kafin ruwa ya sauko.